Wa ya kayar da mu a Abidjan: Iwobi, Peseiro ko alƙalin wasa?

Sani Mai Gidan Kallo: Salamu alaikum jama'a. Tun jiya da dare zauren nan ya yi tsit kamar gidan makoki. Mutanen da ke cika mana waya da saƙo ɗari uku kafin asuba, yau ko tari babu. To ni zan fasa ƙwan. Wasan ƙarshe na kofin Afirka, jiya 11 ga Fabrairu 2024: Kwaddibuwa 2, Najeriya 1. Mun fara ci a minti na 38, muka tafi hutun rabin lokaci da kofi a hannu, muka dawo muka miƙa musu. Wa ya kayar da mu?

Baffa Gunners: Wa alaikumus salam. Iwobi. Ba sai an yi dogon turanci ba. Tun da aka hura usur har aka cire shi ban ga ƙwallo ɗaya da ya tura gaba ba. A ba shi, ya mayar baya. A sake ba shi, ya miƙa gefe. Mu da muka yi fama da shi a Arsenal mun san hali.

Ɗan Pillars: Baffa ji tsoron Allah. Jiya kun zazzaga wa West Ham shida, farin cikin bai ishe ka ba sai ka haɗa da naman yaron mutane?

Baffa Gunners: Wannan daban, wancan daban. Ni ɗan Najeriya ne kafin in zama ɗan Arsenal.

Auwalu Rafali: Ni alƙalin wasan nake tuhuma, ɗan Muritaniyan nan, Dahane Beida. Duk lokacin da aka yi karo tsakanin namu da nasu, sai ka ji usur ya faɗa gefensu. Osimhen ya sha duka a wasan nan kamar jakin Kano, mutumin yana kallo. Gida nasu, shugaban ƙasarsu na zaune a filin da aka sa wa sunansa, Drogba na tsalle a sama. Wane alƙali ne zai yarda ya ɓata wannan biki?

Malam Habu Tsohon Koci: Auwalu, kai da kake hura wasan unguwa duk Asabar, bai kamata wannan magana ta fito daga bakinka ba. Faɗa mini hukunci ɗaya, ɗaya tak, da ya canza sakamakon wasan jiya. Ƙwallon Kessie daga kwana ta zo, ya sa kai, babu wanda ya ture. Ƙwallon Haller, Adingra ya wuce Aina ta gefe ya kwaso ta, Haller ya riga Ekong kai ƙafa. Ina satar gida? Ina keta? An hana mu fenareti? An soke mana ci? Idan alƙali ya yi son kai a ƙananan abubuwa, to wannan kowa ya san masu masaukin baƙi na samunsa a ko'ina, har a filin Sani Abacha idan Pillars na gida. Amma ba shi ya ci mu ba.

Ɗan Pillars: Malam a bar Pillars a gefe don Allah, muna fama da kanmu.

Auwalu Rafali: Malam na ji, amma ƙananan abubuwan su ne ke taruwa su karya gwiwa.

Malam Habu Tsohon Koci: Abin da ya karya gwiwa shi ne gudu babu ƙwallo. Ku tsaya in yi bayani, wanda zai gaji da karatu ya wuce.

Kocinmu Peseiro ya jera 'yan baya uku, Ajayi da Ekong da Bassey. Aina a dama, Zaidu a hagu. Gaba kuma Chukwueze da Lookman da Osimhen. Ku ƙirga, saura mutum nawa a tsakiya? Biyu. Onyeka da Iwobi. Su kuwa Kwaddibuwa suka zuba uku: Seri, Kessie, Fofana. Ukun nan duk ƙarfafa ne, duk sun san ƙwallo. Mutum biyu a kan uku, na tsawon wasa, a gaban jama'arsu. Ko Okocha ka saka a wurin Iwobi jiya, da harshe a waje zai fita. Iwobi ba mai tare gida ba ne, a Fulham gaba-gaba yake wasa ko gefe. An ɗauko tela an ba shi aikin ƙira, yanzu ana zaginsa wai garma ba ta yi kaifi ba.

Kuma wannan rami ba jiya aka haƙa shi ba. Tun ranar da aka ce Ndidi ya ji rauni ba zai je gasar ba, tsakiyarmu ta zama marainiya. An je da 'yan gaba kamar za a buɗe kasuwarsu, 'yan tsakiya kuwa a tafin hannu za ka ƙirga su.

Baffa Gunners: To Malam ai ka dawo kan maganata ta wata hanya. Idan ba wurinsa ba ne, me ya sa bai ce ba zai iya ba?

Maman Khalifa: Haba Baffa. Wane ɗan wasa ne koci zai ce shiga wasan ƙarshe na kofin Afirka ya ce a'a? Kai idan oga ya tura ka aikin da ba naka ba, cewa kake ba za ka ba? Ni abin da ya ba ni takaici, na leƙa shafin yaron na ga abin da mutane ke rubuta masa, har da iyayensa. Yanzu ya goge hotunansa na Instagram. Haka aka yi wa gola Okoye bayan Tunisiya ta cire mu a Garwa a 2022, haka aka yi wa gola Uzoho. Kullum sai mun samu wanda za mu yanka.

Alhaji Na Kumasi: Hajiya kin ambaci Uzoho, kin tuna mini da daren alheri. Abuja, Maris 2022, Partey ya buga daga nesa, ƙwallo ta bi ta ƙarƙashinsa, mu Ghana muka tafi kofin duniya a Katar kuka zauna gida. Allah ya saka masa.

Ɗan Pillars: Alhaji da girmanka. Ku da Mozambik ta farke muku biyu bayan minti 90 ta cika, kuka tattara kayanku tun zagayen rukuni, kuka kori kocinku Hughton kafin ya gama haɗa jakarsa? Yau kai ne da bakin magana?

Alhaji Na Kumasi: Ɗana, wanda ya faɗi a bakin ƙofa da wanda ya faɗi a tsakar ɗaki duk ƙasa suka sha. Bambancin kawai ku kun fi mu kashe kuɗin otal.

Sani Mai Gidan Kallo: Alhaji ka ci wannan.

Ɗan Pillars: Ni dai tambayata ɗaya ce kuma babu wanda ya taɓa ta. Me Ahmed Musa ya je yi Kwaddibuwa? Wasa bakwai, ko minti ɗaya ba a ba shi ba. Kyaftin guda. Mutumin da ya fi kowa buga wa Najeriya wasa, wanda ya ci Ajantina biyu a 2014, ya ci Iceland biyu a 2018, yana cikin waɗanda suka ɗauko kofin nan a 2013. An ci mu na biyu saura minti tara, ka rasa wanda za ka saka sai ka bar mai ƙwarewa a benci yana tafa hannu? Wannan raini ne.

Baffa Gunners: Ɗan Pillars, son kai ne ke damunka. Musa na 2018 ba shi ne na 2024 ba. Gudun da muka san shi da shi ya tafi. Ya je ne a matsayin babban yaya, ya riƙe yara, kuma ya riƙe su.

Ɗan Pillars: Idan babban yaya ake so a ɗauke shi cikin masu horarwa mana, a ba wani gurbin.

Malam Habu Tsohon Koci: A nan kam Ɗan Pillars ka faɗi gaskiya ba da niyya ba. Gurbin nan da ɗan tsakiya aka ba, da ya fi mana amfani jiya. Ina ƙaunar Musa, na kalle shi yana yaro a Pillars, amma matsalar jiya ba ta rashin mai gudu a gefe ba ce. Ƙwallon ce ba ta isa gaban. Osimhen sai da ya riƙa dawowa har tsakiyar fili yana neman ta kamar mai neman bashi.

Auwalu Rafali: Tunda an zo kan Osimhen, a faɗi gaskiya. Gwarzon ɗan wasan Afirka, ƙwallo 26 a gasar Italiya, ya zo nan wasa bakwai ƙwallo ɗaya. Ekong ɗan baya ya ci uku. Da Iwobi ne ya yi haka da an ƙone gidansu.

Maman Khalifa: Auwalu kai ma ka san ba haka ake auna shi ba. Fenaretin da aka ci Kwaddibuwa da shi a rukuni, wa aka kayar? Osimhen. Na Afirka ta Kudu fa? Shi. Ƙwallon farko ta Lookman a wasan Kamaru, wa ya ƙwace ta daga ɗan bayansu ya miƙa? Shi. Yaron nan ya yi gudu har sai da na ji tausayinsa. Ga wadda aka soke masa ranar Laraba, a wasan kusa da na ƙarshe da Afirka ta Kudu.

Sani Mai Gidan Kallo: Hajiya kar ki tuna mini da Laraba. Wallahi ban taɓa ganin abu irin wannan ba tun da na buɗe gidan kallo. Osimhen ya zura ta biyu, gida ya kece, aka watsa ruwan leda sama, wani ya cire riga ya yi waje yana ihu har bakin titi. Benci biyu aka karya mini. Mutumin nan ya dawo yana haki yana cewa biyu da nema, ya tarar ana shirin buga mana fenareti. Ya tsaya yana kallon talabijin yana kallonmu, ya ce wai wani wasan aka canza? Sai da aka zaunar da shi aka ba shi ruwa.

Auwalu Rafali: Kuma har gobe ina cewa wannan hukunci zalunci ne. Alƙali yana wurin, ya ga abin, ya ce a ci gaba. An ɗauki ƙwallo daga wannan gida an kai wancan an ci. Sai masu VAR, wasu da ke zaune a ɗaki mai sanyi suna duba maimaici a na'ura, su kira shi su ce dawo baya? To ina amfanin alƙalin da ke cikin fili? A ba na'urar usur ɗin kawai mu huta.

Malam Habu Tsohon Koci: Auwalu, tambaya ɗaya. Alhassan Yusuf ya taɓa ƙafar Percy Tau a cikin da'ira ko bai taɓa ba?

Auwalu Rafali: Ya taɓa, amma ba da niyya ba.

Malam Habu Tsohon Koci: Dokar ba ta tambayi niyya ba, kai ma ka sani. Ya makara, ya sami ƙafa bai sami ƙwallo ba. Kuma daga wannan ketar ce muka ƙwace ƙwallon da muka je muka ci, babu inda wasa ya tsaya a tsakani. Don haka dole a koma tushe. Alƙalin wasan, Amin Omar, ya je ya duba, ya ga abin da duk muka gani a maimaici. Ya yi zafi, ni kaina sai da na riƙe ƙirji, kuma yaron ɗan Kano ne, namu ne, na ji masa ciwo. Amma hukuncin daidai ne. Wannan na'urar dai ita ce aka koma wa a ƙarin lokaci aka ba Kekana jan kati da ya kayar da Moffi. A lokacin ban ji ka ce a ba ta usur ba.

Ku yara ba ku san abin da ake kira zaluncin alƙali ba. Shekarar 2000, wasan ƙarshe a Legas, mu da Kamaru. Sun ci biyu ta Eto'o da Mboma, Chukwu ya rage, Okocha ya farke da wata ƙwallo da har yau idan na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Aka je bugun fenareti. Ikpeba ya buga, ta daki ƙarfen sama ta faɗa bayan layi ta fito. Duk wanda ke gaban talabijin ya ga ta shiga. Alƙali ɗan Tunisiya ya ce ba ta shiga ba. Song ya buga tasa, suka ɗauki kofi a gidanmu. A ranar da akwai na'urar da kake zagi, da wataƙila yanzu kofi huɗu muke da shi ba uku ba. Kafin nan ma a 1988 an soke ƙwallon da Henry Nwosu ya ci Kamarun da ka. Waɗannan su ne abin kuka. Na jiya kuwa an fi mu ne.

Issoufou Damagaram: Gaisuwa ga manya. Mu nan Zinder jiya gari ya rabu biyu, wasu na bayanku saboda maƙwabtaka, wasu na bayan Kwaddibuwa saboda 'yan uwa da ke ci-rani a Abidjan. Ni ina bayanku, har na yi asarar kuɗin shayin mutum biyar. Amma Malam Habu, ina da ja. Wannan tsarin na 'yan baya uku da kake kuka da shi, ba shi ne ya kai ku wasan ƙarshen ba? Da shi kuka ci Kwaddibuwar nan ɗaya da nema a rukuni. Wasa huɗu a jere ba a zura muku ko ɗaya ba. A lokacin kowa na cewa Peseiro gwani ne. Yau ya zama bai san aiki ba?

Malam Habu Tsohon Koci: Madalla da Issoufou, wannan ita ce tambayar da ta dace. Ban ce tsarin banza ba ne. Kafin gasar nan wa ya ba mu wasan ƙarshe? Tawagar da ta yi kunnen doki da Lesotho a Uyo a watan Nuwamba, ta sake yi da Zimbabuwe? Peseiro ya duba ya ga bayanmu a buɗe yake, ya toshe, ya ɗauko Nwabali ya ba shi raga alhali mutane da yawa ba su ma san sunansa ba. Wannan a yaba masa.

Laifinsa shi ne bai da riga ta biyu. Kwaddibuwar da muka ci ranar 18 ga Janairu ba ita ce ta jiya ba. Waccan ta koci Gasset ce, babu Haller, babu Adingra a cikin masu farawa, tsoro ya cika musu ciki. Ta jiya kuwa ta riga ta mutu ta dawo. Ikwatoriyal Gini ta yi musu huɗu da nema, aka kori koci ana tsakiyar gasa, sai da Maroko ta ci Zambiya sannan suka tsallake da ƙyar. Suka cire Senegal mai riƙe da kofi, suka cire Mali da mutum goma. Wanda ya ga kabarinsa ya dawo, me zai ji tsoro? Sabon kocinsu Fae ya karanci wasanmu, ya ga Aina ya gaji bayan minti 120 na Laraba, ya sa masa Adingra ya ce yi ta bin sa. Tun minti goma na farko kowa ya ga inda ruwa ke shiga. Mun ci ƙwallon nan ne ba don mun fi su ba, Ekong ya tashi sama ya sa kai, shi ke nan harbinmu ɗaya da ya nufi raga a duk wasan. A hutun rabin lokaci ya kamata ya ƙara mutum a tsakiya, ya sa wani ya riƙa taimakon Aina. Bai yi ba. Aka farke a minti na 62, bai yi ba. Sai da ya rage kusan minti goma ya sako Alhassan, shi ma cire Iwobi ya yi, biyun dai suna nan biyu. Minti kaɗan Haller ya gama da mu.

Baffa Gunners: To a kore shi kawai a kawo ɗan gida. Keshi ɗan gida ne ya ɗauko mana a 2013, kuma Kwaddibuwar da ta fi wannan taurari ya cire, da Drogba da Yaya Toure, Sunday Mba na wasa a gida ya ci su. Su ma jiya ɗan gida ne ya ba su.

Maman Khalifa: Ɗazu Iwobi ne, yanzu an koma kan koci. Baffa kai dai sai an ba ka kan wani.

Baffa Gunners: Anti, Malam ne ya canza mini ra'ayi, ba laifi ba ne. Amma har yanzu Iwobi bai yi wasa ba.

Issoufou Damagaram: Ba sai kun kore shi ba, kwantiraginsa ƙarshen watan nan zai ƙare. Tambayar ita ce wa za ku kawo, kuma za ku yi haƙuri da shi? Keshin da kuke yabo yanzu, ina ce washegarin ɗaukar kofin ya ce ya ajiye aiki sai da aka lallashe shi?

Ɗan Pillars: Issoufou ka san tarihinmu fiye da mu. Ku Mena ta Nijar yaushe rabonku da zuwa kofin Afirka?

Issoufou Damagaram: 2013, shekarar da kuka ɗauka. Ka ga idan kuna son kofi sai ku yi mana addu'a mu dawo.

Garba Abidjan: Ku yi haƙuri sai yanzu na samu caji. Ni ina Adjame, ban runtsa ba, har yanzu ana busa ƙaho a titi, an ba da hutu yau. Maƙwabcina tun asuba ya aiko yaro da faranti rufe, na buɗe na ga ƙashin kaza, wai gaggafar da suka yanka ce. Shekara goma sha ɗaya muna zaune lafiya da mutumin nan. Amma gaskiya ko su sun yaba Nwabali da Ekong. Kuma labarin Haller ko kai maƙiyinsa ne sai ka ji wani abu. A 2022 aka gano yana da ciwon daji, aka yi masa aiki, ya sha magani, ya dawo, ya ci a wasan kusa da na ƙarshe, ya ci a na ƙarshe. Wani rabon ba a tare shi.

Maman Khalifa: Allah sarki. Ni ma da na ga yana kuka a hira sai na daina jin haushi. Kwana biyu kawai, zan dawo da haushina.

Auwalu Rafali: Nwabali dai an samu gola. Biyu ya tare a bugun fenareti ranar Laraba, ta Mokoena da ta Makgopa, kuma a can ƙasarsu yake cin abinci, Chippa United. Kar ku manta daga Katsina United ya tafi. Ga irinsu nan birjik a gasarmu ta gida babu mai kallo.

Ɗan Pillars: Yau ka faɗi abin kirki. Amma da kai ne alƙali da ka ce ya motsa daga layi.

Auwalu Rafali: Malam Habu na yarda an fi mu a tsakiya. Batun Beida kuma ban janye ba, zan nemo maimaicin wasan in ƙirgo muku.

Malam Habu Tsohon Koci: Ƙirgo, ina jira. Ka haɗa da sau nawa Adingra ya wuce Aina, ka kawo lissafin biyu tare.

Sani Mai Gidan Kallo: To jama'a, sanarwa. Gobe Talata gasar zakarun Turai ta dawo, Leipzig da Madrid a babban talabijin, Copenhagen da City a ƙarami, ƙarfe tara. Kuɗin shiga ya ƙaru da naira hamsin saboda mai. Sannan wanda ya karya mini benci ranar Laraba yana cikin zauren nan, na san shi, ya san na san shi. Kafinta ya ce dubu huɗu.

Baffa Gunners: Sani ka kai wa Amin Omar takardar, shi ya jawo.